Tauraruwa Mai Wutsiya: Wa Ya Ɗauko Daga Wa?

Akwai wata tsohuwar magana da ta daɗe tana yawo tsakanin waɗanda suka yi karatun Hausa a makarantun Arewa, har yau kuma ba ta kwanta ba. Da an ambaci Tauraruwa Mai Wutsiya, ɗan siririn littafin nan na Umaru Dembo, sai wani ya taɓe baki ya ce ai ba ƙirƙira ba ce, fim ɗin Turawa ne aka juye shi cikin Hausa. In ka matsa masa da tambayar wane fim, galibi Star Wars zai ce maka, don shi ne fim ɗin sararin samaniya da sunansa ya fi zama a bakin mutane. Na sha jin wannan magana a Kaduna, a teburin masu jarida da wajen masu baje tsofaffin littattafai a gefen titin Ahmadu Bello, inda in ka yi haƙurin tono za ka iya cin karo da littafin Star Wars ɗin kansa, takardunsa sun yi ja, hotunan fim masu launi da ke tsakiya sun fara ɓallewa, sunan George Lucas kwance a bango da manyan baƙaƙe. A wajen mai zargi wannan shi ne tushe, na Dembo kuwa aro ne.

Ruwa ba ya tsami banza. Mai karatun Hausa yana da dalilin da zai sa ya riƙa leƙa bayan labule, domin tun farkon rubutun zube na boko aka saba da aro. A 1936 aka ɗauko Abubakar Imam daga Katsina aka kai shi Zariya, Rupert East ya tara masa littattafan hikayoyin Larabawa da na Indiya da na Turai, daga cikinsu ya dama Magana Jari Ce, damun da ya sa har yau ake ɗaukar wasu labaran 'yan gida alhali baƙi ne. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda ya fito a 1951, ya fi wannan ma ɓad da kama. Iliya ba kowa ba ne face Ilya Muromets, gwarzon tsofaffin waƙoƙin Rasha, Waldima sarkin Kib kuwa shi ne Vladimir na birnin Kiev. Wanda ya girma ya gano haka, ba laifinsa ba ne in ya fara kallon kowane baƙon labari da wutsiyar ido.

To, me ke cikin littafin da ake tuhuma? Kamfanin NNPC na Zariya ne ya buga shi a 1969, lokacin kamfanin bai wuce shekara uku da kafuwa ba, don a 1966 Gaskiya Corporation da Macmillan suka haɗa hannu suka kafa shi. Labarin wani yaro ne mai suna Kilba da wani baƙo daga sararin samaniya, Kolin Koliyo, wanda ya ɗauke shi suka yi sama ya ga abin da ido bai saba gani ba. Masu nazarin almarar kimiyya ta Afirka suna lissafa shi cikin na farko-farko da aka rubuta da wani harshen nahiyar. Dembo mutum ne da hankalinsa ke kan yara, shi ne kuma ya rubuta Wasannin Yara.

Kalanda kaɗai ta isa ta sallami Star Wars daga wannan shari'a. An fara nuna fim ɗin a Amurka ranar 25 ga Mayu, 1977. Littafinsa ya riga shi da kusan wata shida, ya fito a ƙarshen 1976. Ko ta wanne aka ƙirga, Kilba ya riga Luke Skywalker, jarumin Star Wars, hawa sama da shekara bakwai zuwa takwas. A 1969 George Lucas yana ɗan shekara 25, bai ma fitar da babban fim ɗinsa na farko ba, sai a 1971 THX 1138 ya fito.

Mai gardamar da ya san kan zance ba zai tsaya nan ba. Zai ce to, Star Trek fa, wanda aka fara a talabijin ɗin Amurka a Satumba 1966? Ko 2001: A Space Odyssey na Stanley Kubrick da ya fito a 1968? Waɗannan kam sun riga Dembo, kalanda ba ta kore su ba. Abin da ya kore su shi ne ginin labari. Su duka labaran manyan ma'aikata ne da hukuma ta tura aiki, akwai kyaftin, akwai umarni daga sama, akwai na'urar da ake dogaro da ita ko ake tsoronta. Na Dembo yaro ne da wani mai iko fiye da na ɗan'adam ya zo ya ɗauka, ya zama jagoransa cikin duniyar al'ajabi. Wannan gini kuwa ba sai an je Amurka nemansa ba. Yana cikin tatsuniyoyin da aljani ke sure yaro ya kai shi wata ƙasa, yana cikin Ganɗoki na Bello Kagara inda jarumi ya bar yaƙin Turawa ya faɗa ƙasashen aljanu, yana cikin yawon Alhaji Imam na Ruwan Bagaja. A ganina abin da Dembo ya yi shi ne ya sallami aljani daga aiki, ya ba wa baƙon wata duniya gurbinsa, ya kuma ɗaga fagen tafiyar daga bayan tekuna bakwai zuwa tsakanin taurari. Sauyi ne ƙarami a ido, amma shi ne ya raba tatsuniya da almarar kimiyya, domin baƙon wata duniya abu ne da ilmin zamani ya ce yana iya yiwuwa.

Saura tambaya ɗaya. In ba daga majigi ba, ta ina sararin samaniya ya shigo tunanin matashin marubuci a Arewar shekarun 1960? A nan ne masu zargi suka fi yin kuskure, don sun ɗauka Arewa tana can gefe lokacin da Amurka da Rasha ke tseren kumbo. Alhali tana cikin tsakiyar hanya.

Lokacin da hukumar NASA ta shimfiɗa tashoshin bin sawun kumbo a kewayen duniya domin shirinta na Mercury, ɗaya daga cikinsu a Kano aka kafa ta. Kumbo in ya tashi daga Florida ya ratsa tekun Atlantika, tashar tsibiran Kanari za ta karɓe shi, ta miƙa wa Kano, Kano ta miƙa wa Zanzibar. Ranar 20 ga Fabrairu, 1962, da John Glenn ya kewaya duniya sau uku, ya leƙo ta taga a saman Arewa ya shaida wa ma'aikatan tashar Kano cewa yana hango ƙura ta turnuƙe ƙasa, su kuma suka amsa masa cewa ai kwana da kwanaki ke nan iska tana bugawa. Duk wanda ya taɓa shafa man kaɗanya a leɓe cikin watan Fabrairu ya san ƙurar da Glenn ya gani. Ƙurar hunturu ce, ta shiga tarihin 'yan sama jannati.

Bayan 'yan makonni, a watan Maris na wannan shekara, gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna ya fara watsa shirye-shirye, labarin duniya ya riƙa shiga zaure da Hausa daga tashar gida. Ranar 23 ga Agusta, 1963, Shugaba John Kennedy ya yi magana ta waya da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ta tauraron ɗan'adam mai suna Syncom 2, karo na farko da shugabannin ƙasashe biyu suka gana ta wannan hanya. Wato mutumin da ya rubuta Shaihu Umar, ɗaya daga cikin marubutan gasar ƙagaggun labaran Hausa ta 1933, shi ne muryarsa ta hau sama ta sauko a Washington. Ina mamakin yadda ba a cika tuna wannan ba in ana maganar adabinmu.

Sai kuma ita tauraruwar kanta. A Satumba 1965 wasu 'yan Japan biyu masu sha'awar kallon taurari, Kaoru Ikeya da Tsutomu Seki, suka hango wata tauraruwa mai wutsiya tana dosar rana. Ranar 21 ga Oktoba ta gifta dab da ita, ta yi hasken da har da rana tsaka ana iya ganinta, tana cikin mafi haske da aka gani a ƙarnin. A kwanakin da suka biyo baya doguwar wutsiyarta takan miƙe a gabas kafin ketowar alfijir, daidai lokacin da masu sallar asuba ke fitowa alwala, damina kuma ta ɗauke, sama ta washe. Bahaushe ba ya kallon irin wannan tauraruwa da sakin fuska. Tsohon camfi ya ce ba ta fitowa sai babba zai faɗi ko wata musiba na tafe. Ba a cika wata uku ba aka wayi gari ranar 15 ga Janairu, 1966 an kashe Sardauna a gidansa na Kaduna, inda Gidan Arewa yake a yau, aka kuma kashe Tafawa Ɓalewa. Ilmin taurari bai san wata alaƙa tsakanin dunƙulen ƙanƙara da ƙura mai kewaya rana da harsashin soja ba. Amma mai karatun da ya ɗauki littafi a 1969, ana tsakiyar yaƙin basasa, ya ga an rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya a bango, sunan ba zai zo masa da sauƙi ba. Dembo ya ɗauki abin da manya ke tsoro ya mai da shi ƙofar yawon buɗe ido ga yaro. Wannan ya fi kowace na'ura da ke cikin littafin ƙarfin hali.

A shekarar da littafin ya fito ne kuma Apollo 11 ya sauka a kan wata, ranar 20 ga Yuli, da ƙarfe tara da 'yan mintuna na dare agogon Nijeriya, Neil Armstrong ya taka ƙasa gab da ƙarfe huɗu na asuba. Dattawa da yawa sun ce ƙarya ce, wasu har suka koma ga Allah ba su yarda ba. Marubucin da ya rayu cikin wannan shekara goma bai buƙaci tikitin silima kafin ya ɗaga kai sama ba.

Da a nan zance ya tsaya da an ce an wanke Dembo, kowa ya kama gabansa. Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. In har mu muka riga su, me ya sa nasu ya haifi ɗaruruwan littattafai, namu kuwa ya tsaya shi kaɗai? Amsar tana cikin wancan jan littafi mai sunan George Lucas, wanda shi kansa yana ɗauke da asirin da ya fi na Dembo girma. Lucas bai rubuta shi ba.

Ga yadda aka yi. Tun ana shirya fim ɗin, mutumin da Lucas ya ɗora wa tallarsa, Charles Lippincott, ya fahimci cewa ba wanda ya san wannan labari, kuma kamfanin 20th Century Fox kansa bai sa masa rai sosai ba. Sai ya nemi a shuka labarin a zukatan masu karanta almarar kimiyya tun kafin majigi ya haska. Ya ƙulla yarjejeniya da Marvel don littattafan zane, ya ƙulla da kamfanin ɗab'i na Ballantine, inda edita Judy-Lynn del Rey ke riƙe da wannan sashe. Aka nemo wani matashin marubuci, Alan Dean Foster, wanda ya riga ya saba da irin aikin, don ya mai da fim ɗin Dark Star littafi, ya kuma rubuta jerin littattafan Star Trek wa wannan kamfani. Aka ba shi rubutun fim da zane-zanen da Ralph McQuarrie ya yi na jirage da sutura da duniyoyi, aka ce ya gina littafi. Sharaɗi shi ne sunan Lucas zai hau bango, shi kuma ya ja bakinsa ya yi shiru.

Asiri irin wannan ba ya ɓuya ga mai karatu da natsuwa. Na farko, yaushe Lucas ya sami sararin zama rubuta littafi? Daga Maris 1976 yana hamadar Tunisiya yana ɗaukar fim, daga nan ya koma ɗakunan ɗauka na Elstree a Ingila, daga nan ya dawo Kalifoniya ya tarar masu haɗa hotunan yaƙin sama sun ci kuɗi ba su yi nisa ba, har hawan jini ya kai shi asibiti. Na biyu, littafin ya saɓa wa fim a wuraren da ke nuna cewa mai rubutun yana aiki ne da tsohon kwafi, ba ya cikin ɗakin da ake yanka da gyara. A littafi rundunar jiragen da Luke ya shiga shuɗiya ce, a fim ja ce. Dalilin sauyin na sana'a ne: ana ɗaukar hoton ƙananan jiragen a gaban shuɗin allo wanda daga baya ake cire shi a sa taurari, saboda haka duk fentin da yake shuɗi a jikin jirgi sai ya ɓace tare da allon. A littafi Han Solo, abokin tafiyar Luke, ya yi ido biyu da Jabba a filin jirgi, fitowar da aka ɗauka aka yanke, ba a mai da ita ba sai a 1997 da taimakon kwamfuta. A littafi an ga Luke da abokinsa Biggs suna hira a ƙauyensu, an kuma rataya wa Chewbacca lambar yabo a ƙarshe, abin da masu kallon fim suka shekara arba'in suna ƙorafin an hana shi. Har sunan sarkin daular, Palpatine, yana cikin gabatarwar littafin tun 1976, a matsayin mai mulkin da fadawa suka kewaye suka mallake, alhali ba a furta sunan a fim ba sai 1999, kuma a can shi ne uban makirci.

Na uku, a 1978 aka fitar da littafi na biyu, Splinter of the Mind's Eye, wannan karon da sunan Foster ɓaro-ɓaro, da salo iri ɗaya da na farko. Labarin haihuwar wannan littafi shi ne ya fi koya mini yadda masana'antar take tunani. An rubuta shi ne a matsayin tanadi: in fim na farko bai yi kasuwa ba, za a mai da shi kashi na biyu mai araha. Shi ya sa aka kai labarin wata duniya mai hazo da fadama, don hazo yana rufe rashin kuɗin gina fage. Shi ya sa babu Han Solo a ciki, don Harrison Ford, wanda ya fito a matsayinsa, bai sa hannu kan ci gaba ba a lokacin. Lucas ma ya sa an cire yaƙin sama da aka buɗe labarin da shi, saboda tsada. Da fim ya yi kasuwar da ba a taɓa gani ba, sai aka ajiye tanadin aka yi The Empire Strikes Back a 1980. A 1983 Dale Pollock ya fitar da tarihin rayuwar Lucas ya ambaci sunan Foster, daga baya Lucas da kansa ya tabbatar a gabatarwar wani sabon bugu. Foster bai nuna ɓacin rai ba. Ya kwatanta kansa da ɗan kwangilar da ya gina gidan da wani shahararren mai zane ya tsara, wanda ba shi da hurumin neman a rubuta sunansa a jikin bango.

Abin lura a nan shi ne littafi da fim suna ɗaukar juna. Littafi ya share wa fim hanya, bugun farko ya ƙare tun kafin a haska majigi. Fim ya dawo ya sayar da miliyoyin littafin. Da fina-finan suka tsaya bayan 1983, aka yi shekaru shiru, littafi ne ya sake hura wutar: Heir to the Empire na Timothy Zahn ya fito a 1991 ya hau saman jerin cinikin jaridar New York Times, ya tabbatar wa masu kuɗi cewa jama'a ba su manta ba. Bayan Disney ta sayi Lucasfilm, kamfanin Lucas, a 2012 kan dala biliyan huɗu da ɗoriya, sai a Afrilu 2014 aka sanar cewa duk waɗancan littattafai an mai da su gefe, ba su cikin sahihin tarihin labarin, za a fara sabon lissafi. Masoya suka yi ta kuka, amma ba a daina bugawa da sayarwa ba, an dai sauya musu tambari. Shi kuwa Foster, a Nuwamba 2020 ya fito fili tare da ƙungiyar marubutan almarar kimiyya ta Amurka ya ce an daina biyansa kason cinikin littattafansa na Star Wars da na fina-finan Alien tun da haƙƙinsu ya koma hannun Disney. A cewar ƙungiyar, matsayin kamfanin shi ne ya sayi haƙƙin littattafan amma bai sayi nauyin da ke kansu ba. Aka yi ta matsa lamba har aka daidaita a 2021.

Mu dawo gida. A wajenmu ruwan ta gefe ɗaya yake gudu: littafi yana haifar fim, fim ba ya komawa ya haifi littafi. A 1976, shekarar da Foster ke rubutu da sunan wani, Adamu Halilu yana mai da Shaihu Umar fim, a jajibirin bikin FESTAC na 1977 wanda aka yi hawan dabarsa a nan Kaduna. Babban aiki ne da kuɗin gwamnati, amma ba wanda ya ɗora masa wani abu. Fim ɗin ma ɓacewa ya yi, sai a 2016 Didi Cheeka ya tono faya-fayensa a wani tsohon ɗakin ajiya, aka gyara shi a Jamus aka nuna a bikin fina-finai na Barlin a 2018. A ƙarshen shekarun 1980 gidan talabijin na NTA Kaduna ya ɗora Magana Jari Ce a allo ƙarƙashin jagorancin Debrah Ogazuma, da 'yan wasa irin su marigayi Ƙasimu Yero. Doki da rawani da fada da aku, duk ana samunsu a Kaduna da Zariya. Kumbo fa? Wa zai gina shi, da wane kasafi? Lucas da ke da kuɗin Hollywood sai da ya nemi mafaka a cikin hazo.

Ɓangaren ɗab'i ma bai taimaka ba. Kasuwar NNPC makaranta ce. Littafin da ya shiga manhaja za a yi ta sake buga shi, wanda bai shiga ba ya kwanta a sito. Wannan tsari yana raya littafi ɗaya shekara da shekaru, amma ba ya tambayar marubuci ina kashi na biyu, don ma'aikatar ilmi ba ta sayen ci gaban labari, abin da za a yi jarrabawa a kansa take saye. Gasar da kamfanin ya shirya a ƙarshen shekarun 1970 ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, ta gwamnatin tarayya a 1982 ta fito da irin su Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare. Ido ya sauko daga sama ya koma kan aure da siyasa da ta'asar birni. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka ja baya, sai marubutan Kano suka fara buga nasu da kuɗin aljihunsu. Mai buga littafi da jarinsa ba ya caca. Abin da ya ga ana saye shi zai rubuta, abin da ake saye kuwa soyayya ce. Muhawarar da aka yi ta tafkawa a shafin adabi na New Nigerian ta ƙarshen mako a Kaduna cikin shekarun 1990, tsakanin su Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu da Ibrahim Sheme, a kan waɗannan littattafai ta tsaya.

Da fim ɗin bidiyo ya zo, daga Turmin Danya na 1990, marubutan ne suka kwashi littattafansu suka kai wa kyamara. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya zama fim a 1994, Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu ya bi baya a 1998. Da yawa daga waɗanda suka tsallaka ba su dawo ga alƙalami ba, don kaset ya fi saurin kawo kuɗi. Rubutun da ya biyo bayan fim a ƙasar Hausa mujalla ce: Tauraruwa a Kano a 1998, sai Fim da Ibrahim Sheme ya fara fitarwa daga Kaduna a Maris 1999. Masu kallo suna son sanin wa ya auri wa, wa ya ɓata da wa. Ba su nemi a sake ba su labarin da suka riga suka kalla a takarda ba, furodusa kuma bai ga ribar biyan wani ya zauna ya rubuta ba.

Kada a ce mai karatun Hausa ba ya son al'ajabi. Littattafan yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, masu matsafa da sadaukai da biranen aljanu, sun yi kasuwa kashi bayan kashi, wanda ke nuna cewa jerin littattafai masu ci gaba ba baƙon abu ba ne a nan. Yaran da suka taso a farkon shekarun 2000 kuma sun san Jadoo, baƙon wata duniya na fim ɗin Indiya Koi... Mil Gaya na 2003, sanin da ba su yi wa Kolin Koliyo ba, duk da cewa labarin biyu dangin juna ne: mai rauni a doron ƙasa da aboki daga sama. Ƙishirwar tana nan. Aljanin da Dembo ya sallama ne ya dawo ya karɓi aikinsa, baƙon sama kuma aka bar wa Indiya da Amurka su kawo mana shi.

Yanzu abin da ya hana NTA Kaduna gina kumbo ya ragu ƙwarai. Matasa a Unguwar Rimi da Kawo da Malali suna haɗa hotunan da suka fi na 1977 da kwamfutar cinya, shuɗin allon da ya wahalar da Lucas ya koma kore, ana sayar da yadinsa a kasuwa. A Kaduna ɗin nan ne wasu samari da ake kira The Critics suka ja hankalin duniya a 2019 da gajerun fina-finan almarar kimiyya da suka ɗauka da wayar hannu mai fasasshen gilashi, har J. J. Abrams, daraktan Star Wars na 2015 da na 2019, ya aiko musu da kayan aiki. Wanda duk ya yi niyyar ɗora Kilba a allo, ko ya rubuta masa kashi na biyu, ba daga kyamara zai fara ba. Zai fara ne daga inda Foster ya ci nasara, wato takardar yarjejeniya: wa ke riƙe da haƙƙin littafin tsakanin marubuci da kamfanin Zariya, kuma nawa ne kason kowa. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, tana kare rubutaccen aiki har shekara 70 bayan rasuwar mai shi. Ko da daga shekarar bugu aka fara ƙirga, littafin 1969 ba zai zama na kowa da kowa ba kafin 2039.